Malam, kai mutum nawa ka taɓa shugabanta?

Wata tsohuwar ɗalibata ta turo min saƙo satin da ya wuce, wai tana so ta yi digirin digirgir a fannin shugabanci da tafiyar da ma'aikata, tace Malam don Allah ka faɗa min gaskiya, in shiga ko in haƙura? Na fara rubuta mata amsa a waya sai naga abin yana ta tsawo, na goge na sake, na goge na sake, daga ƙarshe na tura mata gajeren, nace dogon kuma bari in zauna in rubuta shi a nan, don ba ita kaɗai ce ta taɓa yi min wannan tambayar ba.

Ni dai abin da ya kawo ni fannin nan wani mutum ne da na yi aiki a ƙarƙashinsa shekara biyu bayan na gama digirin farko, a wani kamfani da ba sai na kama suna ba. Bawan Allahn nan ba ya zagi, ba ya tsawa, albashi yana fita kan lokaci, idan ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma da ya shigo ofis sai kaji kowa ya yi tsit, kuma duk kuskuren da aka yi sai a yi ta rufa-rufa har abin ya ruɓe ya fara wari sannan ya ji. Na riƙa tambayar kaina me mutumin nan yake mana ne da bakinmu ya mutu haka? Tambayar nan ce ta kai ni mastas, ita ta kai ni digirgir, kuma wallahi har yau ita nake bi.

Shekarar farko ta digirgir karatu ne zalla, ka karanta har idonka ya yi ja. A nan na gane fannin ya daɗe yana lalube. Da farko masana sun ɗauka shugaba haifarsa ake yi, don haka suka duƙufa neman halayen da ya bambanta da su, tsayi ne, kaifin ƙwaƙwalwa ne, iya baki ne, ƙarfin zuciya ne. Sai a 1948 Ralph Stogdill na jami'ar jihar Ohio a Amurka ya tattaro bincike sama da 120 da aka yi kan haka, ya zauna ya tace su, yace jama'a babu wani jerin halaye da in mutum ya haɗa su shikenan ya zama shugaba a ko'ina, wanda ya yi fice a nan yana iya zama ɗan kallo a can. Daga nan aka rage tambayar wane ne shi, aka koma kan me yake yi, su Stogdill ɗin suka fito da abu biyu, kula da mutane da kuma tsara aiki. Amma wanda ya fi tsaya min a rai ya girmi wannan, gwajin da Kurt Lewin da abokan aikinsa Lippitt da White suka wallafa a 1939. Sun haɗa ƙungiyoyin yara maza 'yan wajen shekara goma suna aikin hannu, aka ba su manya suna jagorantarsu ta salo uku, mai kama-karya, mai shawara da su, da wanda ya sakar musu ragama. Yaran mai kama-karya suna aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, da ya fita ɗakin sai aikin ya yi sanyi, na mai shawara kuwa ko yana nan ko ba ya nan suna ci gaba. Ranar da na karanta wannan na ajiye takardar na daɗe ina tuna ofishinmu, don haka muke yi in oga ya yi tafiya.

Bayan haka Fred Fiedler ya zo a shekarun 1960 yace salon da ya dace ya danganta da yanayin da shugaba ya samu kansa, sai James MacGregor Burns a 1978 ya raba shugabanci gida biyu, na ba ni gishiri in ba ka manda, kayi aiki in biya ka, da kuma wanda yake ɗaga mabiya ya sauya musu buri. Bernard Bass ya ɗauko wannan a 1985 ya shigo da shi harkar kamfanoni, shi da Bruce Avolio suka tsara takardar tambayoyi ta auna shi, kuma da ita na yi nawa binciken kamar dubban ɗalibai irina a duniya. Ka raba wa ma'aikata takarda, kowa ya ba ogansa maki, shin yana zaburar da kai, shin yana kula da buƙatunka, sannan a ƙasa ka tambaye shi ko ya gamsu da aikinsa, ka zuba a kwamfuta, lissafi ya fito tas, ka rubuta cewa shugabanci mai zaburarwa yana ƙara gamsuwar ma'aikata. Na kare aikina, aka yi min tafi, na fitar da maƙala biyu daga ciki, na samu aikin koyarwa. Alhamdulillah, ban raina ba.

To ga inda abin yake. Lokacin da aka ba ni ajin manajoji, masu zuwa ƙarshen mako bayan sun yi kwana biyar suna aiki, ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, mafi yawansu sun girme ni. A lakca ta uku ina cikin bayanin salon shugabanci, na cika allo da zane, sai wani dattijo da ke zama a layin baya ya ɗaga hannu, manaja ne a wata masana'anta, furfura ta fara cin gemunsa. Yace, Allah gafarta Malam, ba raini ba ne, ina so in sani ne kawai, kai mutum nawa ka taɓa shugabanta?

Ajin ya yi shiru. Nace ranka ya daɗe, ko ɗaya. Yace na gode da ka faɗi gaskiya, to bari in faɗa maka abin da ya hana ni barci jiya. An ba shi umarni daga sama ya rage ma'aikata, a cikin sunayen akwai mutumin da ya koya masa aiki lokacin da ya shigo masana'antar yana yaro, kuma shi ne zai kira shi ofis ya faɗa masa ranar Litinin. Yace wanne daga cikin zanen nan na allo zan ɗauka in shiga ofis da shi?

Ban da amsa. Abin da na iya kawai shi ne na ajiye alli nace wa ajin, wa ya taɓa shiga irin wannan halin? Hannu ya fi goma. Sauran awa ɗaya da rabi su suka yi magana ni ina rubutu, wata mata tace kada ka bari ya ji daga bakin wani kafin kai, wani yace kada ka ɓuya a bayan kalmar an ce, wani yace shi ya yi kuskuren yawan zagaye-zagaye har mutumin ya ɗauka ƙarin girma za a yi masa. Na koma gida ranar jikina a mace, ina jin kamar shekara biyar na digirgir na yi ta auna inuwar abu ne.

Daga baya ne na fahimci cewa matsalar ta girme ni, tana cikin tarihin makarantun koyar da kasuwanci su kansu. Wharton ta jami'ar Pennsylvania an kafa ta a 1881, ta Harvard a 1908, kuma shekaru da yawa sauran malaman jami'a suna kallon irin waɗannan makarantu a matsayin wurin koyon sana'a kawai, inda tsofaffin 'yan kasuwa ke zuwa su ba da labarin yadda suka yi. A 1959 rahotanni biyu suka fito, ɗaya da kuɗin gidauniyar Ford ɗaya da na Carnegie, duka suka ce karatun ba shi da zurfi, a shigo da ilimin kimiyya. Aka shigo da masana tattalin arziki, da na halayyar ɗan adam, da na lissafin ƙididdiga, kuma gaskiya an samu ci gaba, ba zan musa ba. Amma sai ƙarin girman malami ya rataya kacokan kan maƙalar da ya wallafa a manyan mujallun bincike, waɗanda manajoji ba sa karantawa. A 2005 Warren Bennis da James O'Toole suka rubuta a mujallar kasuwanci ta Harvard suna kukan cewa makarantun sun ɓata hanya, mutum zai iya zama farfesan tafiyar da kamfani bai taɓa zama cikin kamfani ba sai dai a matsayin mai sayen kaya. Da na karanta sai naga ai hotona ne.

Satin da ya biyo bayan tambayar nan na tare dattijon bayan lakca, nace ranka ya daɗe ina neman alfarma, ka bar ni in zo in zauna a gefenka a wurin aiki in yi kallo kawai. Ya yi dariya yace ai ba abin kallo, gudu ne kawai daga safe zuwa dare. Nace shi nake so in gani. Ba ni na ƙirƙiro wannan hanyar ba, Henry Mintzberg na jami'ar McGill a Kanada ya bi manyan shugabanni biyar, kowanne sati guda, ya rubuta duk abin da suka yi, ya wallafa a 1973, kuma abin da ya gano ya rushe hoton manaja mai zama shiru yana tsara gobe, don rabin ayyukansu ba sa kai minti tara kafin wani abu ya katse su. Haka na gani da idona. Waya, ƙofa, waya, wani ya leƙo da takarda, inji ya tsaya, a kira shi sama, ya dawo. Kwana uku na farko ina ta jira in ga inda shugabancin zai fito, irin jawabin nan mai tayar da tsigar jiki, ban gani ba.

A rana ta huɗu wani yaro matashi ya shigo yana rawar murya, yace Yallaɓai na saita injin ba daidai ba tun safe, kayan da muka fitar duk sun lalace. Ni ina gefe ina kallon fuskar dattijon. Ya ajiye biro, ya nuna masa kujera, yace zauna, yaushe ka lura? Yaron ya faɗa. Yace wa ya nuna maka saitin lokacin da aka kawo ka layin nan? Yaron yace ba wanda ya nuna masa, ya kalli na kusa da shi ne ya kwaikwaya. Dattijon yace to laifin namu ne da kai, je ka tsayar da layin ina zuwa. Duka abin bai kai minti uku ba. Ya yi masa faɗa daga baya, ya rubuta rahoto, ba wai an share ba ne, amma a daidai wannan lokacin da yaron ya buɗe baki, bai sa shi ya yi nadamar buɗewa ba. Kuma ƙofar a buɗe take, mutum huɗu ko biyar sun ji.

A nan ne tambayar da na shigo da ita ta fara warwarewa. Tsohon ogana ba ya tsawa, haka ne, amma duk wanda ya kai masa labari mara daɗi zai yi masa wani kallo na daƙiƙa biyu, yace to na ji, sannan a mitin na gaba ba za a kira ka ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mana doka, kowa ya koya da kansa. Amy Edmondson ta Harvard ta ci karo da irin wannan a asibitoci a shekarun 1990, ta je tana tsammanin rukunin ma'aikatan jinya da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bincika sai aka ga su suna faɗa ne in sun yi, sauran kuwa ɓoyewa suke. Daga nan ta gina aikinta kan amincin da mutum yake ji na ya yi magana a cikin rukuni ba tare da tsoron a wulaƙanta shi ba, ta wallafa shahararriyar maƙalarta a 1999.

Na shafe kusan shekara biyu ina irin wannan zaman kallo a wurare daban-daban, kuma nan ne zan faɗa wa ɗalibata ɓangaren da ba daɗi. Maƙalar da ta fito daga ciki ta yi shekara huɗu kafin ta ga haske, mujallu uku suka dawo min da ita, wani mai tantancewa ya rubuta cewa manajoji 'yan ƙalilan ba sa isa a gina hujja a kansu. Abokan aikina da suka ci gaba da raba takardun tambayoyi suna fitar da maƙala biyu uku a shekara, suka riga ni samun ƙarin girma, wasu ma da na riga shigowa. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, akwai daren da na zauna ina lissafin ko in koma hanyar da na sani. Kuma ba na ɗaukar masu tantancewar nan a matsayin maƙiya, sau da yawa suna da gaskiya, labari mai daɗi ba hujja ba ne, mutum yana iya ganin abin da yake so ya gani. Sai dai ita ma takardar tambayoyin tana da nata ramin, kuma babba ne. Tun 1985 James Meindl da abokan aikinsa suka nuna cewa mutane suna da son jingina komai ga shugaba, in kamfani ya ci riba ace gwanintarsa ce, in ya faɗi ace sakacinsa ne, ko da kasuwa ce ta juya. To idan ma'aikacin da ke jin daɗin aikinsa shi ne zai ba oga maki, kuma shi ne zai faɗi ko ya gamsu, me ka auna? A 2013 Daan van Knippenberg da Sim Sitkin suka fito ƙarara suka ce ma'anar shugabanci mai zaburarwa ta cakuɗa abin da shugaba yake yi da sakamakon da ake fata, kamar kace magani mai warkarwa yana warkarwa. Wannan suka ta taɓa aikin digirgir ɗina kai tsaye, kuma na yarda da ita.

Sai kuma aka naɗa ni shugaban sashe, na samu amsar tambayar dattijon a jikina. Malamai goma sha wani abu, kowa da digirinsa, ba wanda za ka iya kora, ba wanda za ka iya ƙara wa albashi. Wata rana ina tsakiyar haɗa rahoton da ake jira, wata ƙaramar malama ta ƙwanƙwasa tace Malam an samu matsala, na shigar da makin wasu ɗalibai a gurbin da ba nasu ba, kuma sakamakon ya riga ya wuce sama. Ban yi tsawa ba. Na kalli agogo, nace sai yanzu? Kalma biyu kenan. Muka gyara abin, na manta. Bayan wata shida sai na gano wani malamin ya ɓoye min matsalar da ta fi wannan girma har ta kai ga ɗalibai sun rasa zango guda, da na tambaye shi me ya hana ka zuwa, yace ya ji yadda ta kaya da wance. Ni da nake koyar da wannan abin duk Asabar. Na je na same ta na ba ta haƙuri, na kuma faɗa a mitin ɗin sashe a gaban kowa, amma ya ɗau lokaci mai tsawo kafin ƙofata ta koma yadda take, kuma ɗaliban nan zangonsu bai dawo ba.

Shi ya sa nake ɗaukar aji da nauyi fiye da yadda nake yi da. Sumantra Ghoshal na makarantar kasuwanci ta Landan ya rubuta wata maƙala da aka wallafa a 2005 bayan rasuwarsa, lokacin ana cikin jimamin rushewar kamfanin Enron na 2001, yace mu malamai mu daina nuna wasu da yatsa, abin da muke koyarwa yana da hannu. Hujjarsa ita ce, in masanin taurari ya yi kuskure taurari ba za su sauya tafiyarsu ba, amma in ka shekara kana koya wa manajoji cewa ɗan adam ba ya komai sai don aljihunsa, dole a sa masa ido, za su fita su gina ofisoshin da ke ɗaukar kowa a haka, ma'aikata kuma su koma haka ɗin. Duk wanda ya zauna a ajinka gobe mutum hamsin ko ɗari biyar ne za su kwana da abin da ka sa masa a kai.

Akwai fili a fannin, wannan kam babu shakka. Mafi yawan ka'idojin da muke koyarwa daga kamfanonin Amurka aka ciro su. Wani babban bincike kan shugabanci a al'adu daban-daban mai suna GLOBE, da Robert House ya jagoranta, ya tambayi manajoji wajen 17,000 a al'ummomi 62, aka wallafa a 2004, ya nuna gaskiya da riƙon amana da adalci ana son su ga shugaba a ko'ina, amma abubuwa irin su nuna matsayi ko son ɗaukar kasada, abin da ya zama ado a wata al'umma aibi ne a wata. Wuraren aiki da yawa a duniya ba wanda ya taɓa zama ya kalle su da idon bincike. Kuma tunda mace ce ta yi tambayar na ambata mata aikin Michelle Ryan da Alex Haslam, da suka nuna a 2005, lokacin suna jami'ar Exeter a Ingila, cewa manyan kamfanoni sun fi ɗora mata a kujerun gudanarwa a lokacin da kamfanin ya riga ya shiga matsala, in abin ya faɗi kuma ace ai ga shi nan.

Gajeren saƙon da na tura mata shi ne, kafin ki cike fom ɗin neman gurbi, ki nemo wani mai riƙe da mutane ko da goma ne, ki roƙe shi ya bar ki ki zauna a gefensa sati guda da littafi da biro, in kin fito kina da tambayar da ta hana ki barci, ki dawo mu yi maganar inda za ki nema da wanda zai duba miki aiki. Shekaranjiya ta rubuto tace wata shugabar ma'aikatan jinya ta amince, za ta fara Litinin da aikin safe, tace Malam me zan riƙa rubutawa? Nace rubuta lokaci, rubuta wanda ya shigo da abin da ya kawo shi, in labarin mara daɗi ne ki rubuta kalmar farko da ta fito daga bakin shugabar, da kuma su wa ke tsaye kusa suka ji.